Awarwaron Parwin

Ana kiran magariba Dilawar ya zare awarwaron matarsa daga ƙusar da take ratayewa in za ta yi alwala. Guda goma sha biyu, na koren gilashi, tun na ranar aurensu. Da safe ya roƙe ta, Parwin ta hana. Ta ce a duk faɗin ƙasarsu ta Sind ba a fasa awarwaron mace sai ranar da mijinta ya mutu. Ya ce mata zancen tsofaffi ne.

Shekara tara yana ɗaukar hoton abubuwa daidai lokacin da suke tarwatsewa. Kofi, ƙwai, fitila. Ba wanda ya taɓa rataye hotonsa ko a shagon shayi. Abin ya ci masa rai, har ya fara jin haushin kowa, da ita ma da ba ta yi masa komai ba.

Ɗakin aikinsa tsohon rumbun maƙeran gilashi ne, bayan kasuwa. Ya rufe ƙofa, ya toshe taga, ya buɗe kyamara. Haka aikin yake: duhu ƙirin, ƙarar fashewa ce kaɗai ke kunna walƙiyar kyamarar.

Ya saki na farko. Tas! Haske, sai duhu.

Na biyu. Na uku. Yana murmushi, shashasha.

Ya saki na huɗu.

Shiru. Bai kai ƙasa ba.

Sai ƙanshin kafur, irin na wankan gawa. Wani abu ya ja tsumma a kan siminti, kusa da ƙafarsa.

Tas!

A hasken ya gan ta. Mace a tsugune, lulluɓe da fari, hannunta ya yi wa jikinta tsawo. Ita ta cafe na huɗun, ta murƙushe shi a tafinta.

Duhu.

"Na ji ana fasawa," ta ce a hankali. "Na zo gaisuwa. Ina mamacin?"

Ya fara laluben ƙofa.

Yatsu masu sanyi suka shiga aljihunsa, suka ɗauki na biyar.

Tas! Fuskarta dab da tasa.

"Au. Ashe kai ne."

Bai san yadda ya samu sakata ba. Ya bar takalmi, ya bar kyamara, sauran awarwaron suka zube a gabanta, ya taka gilashi har gida, yana jin tas, tas a bayansa yana ƙirgawa. A tas na goma sha ɗaya ya faɗa zaure, da na ƙarshe damƙe a hannunsa.

Parwin ta dubi jinin ƙafarsa, ta dubi abin da ya rage. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓa, ta naɗe a auduga, ta kulle a akwati.

Dilawar na nan da ransa, bai ƙara taɓa kyamara ba. Cokali ya faɗi sai ya dafe ƙirji. Makullin akwatin kuwa yana wuyan Parwin, kuma tun ranar ba ta sake yi masa dariya ba.