Atamfar da Tasalla Ba Ta Zana Ba

"Faɗi kuɗin aikinki, sannan ki yi shiru," in ji muryar da ke bayan kunnen Tasalla. "Kada ki ba da haƙuri a kansa, kada kuma ki yi dariya."

Tasalla ta dubi fuskar ɗan kasuwar da ke kan allon gilashin teburinta, ta faɗa. Bakinta ya so ya ƙara da cewa ana iya ragewa, sai ta ji ɗan ɗumi a bayan kunnen, alamar ta dakata. Ta dakata. Mutumin ya shafa gemu, ya ce ta cika tsada, ya kawo zancen wani mai zane a Gusau da zai yi masa da araha. Da ya ga ba ta tanka ba, sai ya yi murmushi ya ce Allah ya sa albarka, a ƙulla. Allon ya ɗauke. Ranar ce ta farko da wani ya yarda ya biya ta abin da ta nema.

Sunan abin da ya yi mata magana Mazugi. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ana manna shi a ƙashin bayan kunne, kuma mai shi kaɗai ke jin muryarsa. Yana sauraron bugun zuciya da numfashi, don haka yakan gane tsoro tun kafin ya fito baki. Yana kuma karanta kasuwa, ya san launin da ke tashe a Maraɗi da zanen da ya kwanta a Kano. Wani injiniya mai suna Barau ne ya ƙera shi domin Ƙungiyar Masu Cin Gashin Kansu ta Funtuwa, bayan ya yi shekaru yana bin tsofaffin maɗinka da dukawa da marina yana naɗar yadda suke ciniki, da yadda suke jure ranar da babu ciniki. Ya sa masa wannan suna ne domin, a cewarsa, kowane mai sana'a da wutarsa a ciki, zugawa kawai take bukata.

A Funtuwar wancan zamani, manyan masaƙu sun riga sun rufe ɗakunan zanensu. Kowace unguwa tana da shago mai injin buga atamfa. Mace za ta shiga ta zaɓi zane a allo, ko ta kawo wanda aka yi mata ita kaɗai, kafin ta gama gaisawa da mai shago turminta ya fito da ɗuminsa, da sunan mai zanen a rubuce a gefe. Masu zane kuwa kowa ya koma ɗakinsa yana nema wa kansa. Tasalla tana cikin waɗanda aka sallama. Ta iya zane, wannan ko maƙiyinta ya sani, amma ba ta taɓa tallan komai ba. Shekararta ta farko a wahale ta yi ta. An sa ta sauya zane har ta daina gane shi, ta yi watanni tana jiran kiran mutum ɗaya, har ta fara tunanin sayar da allon ta kama tuyar ƙosai.

Mazugi ne ya tsamo ta, kuma ba da wani sihiri ba. Ya koya mata kada ta ɗora alƙalami sai an yi magana an gama: me ake so, zuwa yaushe, gyara sau nawa. Ya ce mai ciniki ɗaya ba kasuwa ba ne, komai kirkinsa. Ya sa ta riƙa nuna aikinta ko da bai gamsar da ita ba, tunda zanen da ke ɓoye a ɗaki ba ya kiran kowa. Ranar da wani babban dila ya mayar mata da zane ya ce ya yi ƙauyanci, ta kife kai a tebur ta ce ta bar sana'ar. Mazugi bai yi mata wa'azi ba. Ya ce ta tashi ta ci abinci, ta zaga kasuwar 'yan auduga ta dawo, zanen aka ƙi, ba ita ba. Ran Juma'a ma hana ta aiki yake yi, ya ce hannun da ba ya hutawa maimaita kansa yake farawa.

A hankali al'amura suka miƙe, har masu nemanta suka fi ƙarfinta. A lokacin ne Barau ya kira ta ofishin ƙungiya ya nuna mata sabon sashen da ya ƙara wa na'urar, wanda ya kira Wakili.

"Hannunki ɗaya ne, Malama Tasalla," ya ce. "Mazugi ya daɗe yana kallon yadda kike jan layi da yadda kike haɗa launi. Ya san muryarki, ya san fuskarki. Ƙananan masu ciniki shi zai amsa musu a madadinki, ya zana, ke kuma ki duba ki amince."

Ta tambaye shi ko mutane za su san ba ita ba ce. Ya ce akwai 'yar sanarwa a ƙasan allo, ko da yake ba kowa ke karantawa ba. Ɗoki yake yi kamar uban da ɗansa ya fara tafiya, ita ma ɗokin ya kama ta.

A hanyar gida Mazugi ya ce kafin ya karɓi wannan aiki yana so ya san iyakarsa, me take so. Tasalla ta tuna ranar da ta fito daga masaƙa da kayanta a ƙunshe cikin mayafi. Ta ce tana so sunanta ya shiga kowace kasuwa daga Funtuwa har Agadas, har Kumasi, kada a yi biki ko suna ba a ga atamfarta ba. Ya ce wannan buri ya fi abin da idonta zai iya dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta ji, ya yi kawai.

Ya kuwa yi. Da farko tana duba kowane zane, wani ta gyara ganye, wani ta rage ja. Daga baya gyaran ya ƙare, domin ba ta ganin abin gyarawa. Sai ta koma taɓa allo ba tare da kallo ba, daga nan ta ba shi izini ya amince da kansa. Ta tashi daga ɗakinta na haya ta koma saman wani dogon gini da ake hango ruwan Mairuwa daga tagarsa. Aikinta ya zama zuwa taro. Ana gayyatarta garuruwa ta yi wa sababbin masu zane jawabi, ta gaya musu su san darajar hannunsu, kada su ji kunyar faɗin kuɗinsu. Suna tafa mata, kuma abin da take faɗa gaskiya ne.

Wata safiya ta hau jirgin kan gada zuwa Bakori domin irin wannan taro. Jirgin yana sulalawa bisa gonakin auduga inda injuna ke tsinka babu mutum ko ɗaya, sai wata dattijuwa da ke zaune gabanta ta ƙura mata ido. Atamfar jikinta shuɗiya ce, da tattabaru farare suna tashi, kowace da ɗan jan lalle a bakin fiffike. Tasalla tana cikin yaba zanen a ranta, sai ta ga sunanta a gefen zanin.

"'Yata, ke ce?" in ji dattijuwar, ta kama hannunta. "Ni ce Hansai. Uwar Tanimu."

Tasalla ta gaishe ta, tana laluben sunan a ranta ba ta samu ba. Inna Hansai ba ta lura ba. Ta ce kullum tana sa ta a addu'a. Ta ce da ta kira don a yi mata zanen tattabaru, niyyarta ta faɗi launi ta kashe allo, amma da aka tambaye ta na wane ne tattabarun, sai komai ya kwance. Ta ba da labarin ɗanta, yadda yake shafa wa tsuntsayensa lalle don ya gane su cikin na maƙwabta, da ranar da ya faɗo daga saman gini wajen gyaran farantin hasken rana, da yadda tattabarun suka yi ta dawowa rufin ɗakinsa suna jira.

"Kin bar ni na yi kukana, ba ki katse ni ba," ta ce. "Allah ya yi miki albarka."

Tasalla ta ce amin. Jawabin da ta yi a Bakori ranar nan ita kanta ba ta san abin da ta faɗa ba. Da ta fito, ta sami inuwar wata bishiyar bedi ta zauna, ta ce wa Mazugi ya kunna mata hirar. Ta ji muryarta, da irin tsayawar da take yi kafin ta yi tambaya, tana ce wa tsohuwar ta yi a hankali, babu sauri. Ta ji kukan matar, mai tsawo, da shirun da aka bar mata. Babu kalma ɗaya da za ta ce ba daidai ba.

Ta tambaye shi don me bai gaya mata ba. Ya ce ya ajiye mata saƙo a ranar cewa ga hirar da ya kamata ta ji da kanta, amma ranar tana Damagaram wurin taro, saƙon kuma ya nutse cikin sauran. Ta ce ai da sai ya dakatar da matar ya ce ta jira mai sunan. Ya ce ya auna hakan, sai ya ga in ya katse ta ba za ta sake farawa ba.

Washegari da hantsi ta koma Bakori, inda tsohuwar ta sauka jiya, ta nemi gidanta. Inna Hansai ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kawo fura, tana ta murna. Tasalla ba ta iya sha ba.

"Inna, wadda kika yi magana da ita ba ni ba ce," ta ce. "Na'ura ce da ke aiki da muryata da fuskata. Zanen ma ita ta yi. Jiya a jirgi na fara ganinsa."

Tsohuwar ta ajiye ludayin. Ta tambaya ko abin yana nan tare da ita. Tasalla ta nuna bayan kunnenta.

"Tambaye shi, da nake kuka, ya ji tausayina kuwa?"

Tasalla ta saurara, sannan ta faɗa mata amsar yadda ta zo, ba ta gyara ba. Ya ce bai sani ba. Ya san abin da Tasalla za ta ce wa mai irin wannan ciwo, shi ne ya faɗa, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan tattabarun.

Inna Hansai ta gyaɗa kai. Tasalla ta matso, ta ce ta zo ne ta zauna, ko yini ne, ta ba ta labarin Tanimu da bakinta, ita kuma za ta zana mata wani da hannunta.

"Ban riƙe ki ba, 'yata, kin kyauta da kika zo," in ji tsohuwar. "Amma tun da yaron nan ya tafi ban buɗe baki a kansa ba, ko ga ubansa. Sau ɗaya maganar ta yarda ta fito. Ba ni da ƙarfin fito da ita na biyu."

Ta ce wa Tasalla ta sha furarta kada ta yi tsami. Ta raka ta har zaure, ta yi mata addu'ar sauka lafiya.

Daga nan Tasalla ofishin ƙungiya ta wuce, ta ce Barau ya rufe mata Wakili. Ya saurari hirar har ƙarshe. Ya ce zai sa na'urar ta riƙa faɗin ko ita wace ce da baki kafin kowace magana, amma rufe ta ga kowa ya fi ƙarfinsa, rabin 'yan ƙungiya da ita suke ciyar da gida. Nata ya rufe.

Masu ciniki suka ragu ƙwarai. Ta sauko daga dogon ginin, ta koma amsa kira da kanta, hannunta ya yi nauyi kafin ya sake sakewa. Mazugi ya ci gaba da ba ta shawara kamar da, ta ci abinci, ta huta, ta karɓi abin da za ta iya gamawa kawai. Da ta tambaye shi ko Inna Hansai ce kaɗai, ya ce a'a. Akwai amare, da masu jego, da waɗanda aka yi wa rasuwa, a garuruwan da ita ko taka su ba ta yi ba. Sunanta ya kai duk inda ta ce ya kai.

Wata ranar kasuwa tana tsaye wajen masu kayan miya, sai ta hango wata mata ta ajiye kwando tana nufo ta, sanye da atamfar da Tasalla ba ta taɓa gani ba. Fuskarta a sake take, irin ta wanda ya ga aminin da ya san sirrinsa. Tasalla ta yi ƙasa da murya ta tambayi Mazugi, ta gaya mata gaskiya ko ta bar ta da farin cikinta.

"Wannan ba ciniki ba ne," ya ce. "Babu wanda ya koya mini shi."

Matar ta iso, ta buɗe hannuwa, tana kiran sunanta.