Taliyar Saverio

"Ina sunan Saverio?!"

Na buga littafin a kan teburin editana Tancredi.

Wata goma sha ɗaya na yi ina yawo a Italiya, daga Piemonte har Sicilia, ina ɗanɗana girki, don in nuna wa matafiya inda za su ci su lashe yatsa. Gidan abinci tamanin na zaɓa. Yau littafin ya fito da saba'in da tara.

Tancredi ya gyara tabarau. "Wannan 'yar rumfar ta Tropea mai tebur shida? Asirinki na rufa, Ornella. Kowa ya san soyayya kuke yi."

"Sai da na cinye taliyarsa kafin in ga fuskarsa!"

Ya sassauta murya. "Ni dai ina nan Milano, ina jiranki..."

"To ka daɗe kana jira!"

Na kira Saverio sau tara, bai ɗauka ba. Ashe Tancredi ya aika masa littafin, ya ce ni na cire shi da hannuna.

Na wuce Bologna wurin mahaifiyata, Mamma, wadda ta shekara talatin tana murza taliya a gidan abincinta. Na gaya mata Saverio nake so in aura.

"Ɗan kudu?" ta ce. "Masu zuba barkono a komai? Ba da yawuna ba!"

"Mamma, loma ɗaya kawai. In kin ce bai iya ba, na haƙura da shi."

Ta ɗauko jakarta.

Da rana tsaka muka sauka daga jirgin ƙasa a Tropea. Saverio na yanka jar albasa, yana ganina ya juya baya.

"Masoyina... ba ni ba ce," na ce. Na miƙa masa rubutuna na asali, sunansa a shafin farko.

Ya karanta, idonsa ya cika. "Albasa ce," in ji shi.

"Maƙaryaci!"

Mamma ta ƙwanƙwasa tebur. "Kai, yaro! Kuka na zo kallo ko abinci?"

Ya kawo mata taliya da kifi da miyar tumatir. Ta kai loma ɗaya. Ta ƙara ta biyu, ta uku, gumi na tsattsafo mata, har ta share farantin tas da burodi.

"Barkonon ya yi yawa," ta ce. "Ƙaro min."

Na daka tsalle na rungume ta!

Kafin Saverio ya juya, ta riƙo hannun rigarsa. "'Yata ba ta iya ko dafa ƙwai ba, baki kawai gare ta. Ka ji ka gani?"

"Na ji na gani, signora," ya ce, wato uwargida.

"Mamma za ka ce."

A watan Satumba aka ɗaura mana aure a bakin teku. Ni dai ban ga ango ba sai da aka gama cin abinci, don yana kicin shi da Mamma suna faɗa a kan gishiri.