Hoto na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Alhamis aka bugo waya caji ofis na Wurno, aka ce an tsinci gawa a bakin tafkin da ke gabas da Lahodu. Sufeto Abdulmutallib ya ajiye kofin shayinsa, ya kira Saje Bara'atu, suka shiga mota.

Sun tarar da jama'a sun kewaye wurin, an rufe mamacin da zane. Malam Abu ne, malamin firamare, ɗan shekara talatin da huɗu. Yana kwance ruf da ciki, da rauni a ƙeya. Kekensa na jingine da giginya, ba wanda ya taɓa shi. Wayarsa ce kawai babu.

Mai unguwa ya ce duk Lahodu an san Abu da wannan waya. Kullum bayan asuba sai ya hau keke ya shiga karkara, ya ɗauki hoto guda ɗaya, sannan ya wuce makaranta. Fiye da shekara yana haka, ko ruwa ake yi. Har ana ce masa Malam Hoto, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Sufeto ya durƙusa a bakin ruwa. Kwaɗi ne matattu birjik a cikin laka, ga ƙananan kifi sun juya ciki sama a tsakanin ganyen bado. Wani wari kamar na maganin feshi yana tashi. Ya sa Saje ta ɗebi ruwan a kwalba.

Kafin ya miƙe mutane sun fara kiran suna ɗaya: Uwaisu, wani makiyayi da ke zaune a ruga kusa da Tursa. Suka ce jiya Laraba ya ci kwalar Abu a bakin kasuwa, a gaban kowa. Wasu samari har sun ɗauko sanduna. Sufeto ya gaya wa mai unguwa cewa duk wanda ya taka rugar nan kafin hukuma, a bayan kanta zai kwana.

Da azahar suka isa rugar, bayan sun sanar da 'yan uwansu 'yan sanda na Rabah. Uwaisu dattijo ne siriri, yana zaune a ƙofar bukka. Fatun shanu huɗu na shanye a rana. A cikin bukkar wata yarinya tana nishi.

"Yaushe rabonka da tabkin Lahodu?" Sufeto ya tambaye shi.

"Tun Talata, Yallaɓai."

"Wagga laka ta takalminka hwa? Ba ta ko bushe ba, ga ganyen bado manne da ita."

Uwaisu ya dubi ƙafarsa. Sannan ya fara magana a hankali. Ran Talata da hantsi ya shayar da shanunsa a tafkin, 'yarsa ma ta sha. Kafin magariba huɗu sun faɗi, yarinyar tana ta amai. Da yake kullum da sassafe yana hango Abu yana zagaya wurin, sai ya ɗauka shi ya zuba wani abu. Shi ya sa ya tare shi a kasuwa. Amma Abu bai yi fushi ba. Ya ce zai duba hotunansa, ko Allah Ya sa ya kama wani abu, su haɗu a tafkin yau da fitowar rana.

"Na tahi, Yallaɓai. Na ishe shi kwance, jini bai ko daskare ba. Tsoro yak kama ni, don na san ni za a ce."

"Wa kag gani bisa hanya?"

"Mai babur guda, ya nuhi Wurno da gudu. Ya naɗe huska da rawani. Akwai wani katako mai hwaɗi ɗaure bayan babur ɗin."

Ya ƙara da cewa Abu ya gaya masa hotunan ba don kansa yake ɗauka ba, ƙanwarsa yake tura wa a Wurno. Sufeto bai kama shi ba. Ya ɗauki yarinyar a motarsu ya kai ta asibiti.

An yi jana'izar Abu da la'asar, bayan likita ya duba gawar. Washegari Jumma'a Sufeto da Saje suka je gidan ƙanwar, Salima.

A ƙofar gida suka iske mijinta, Mainasara, manomin albasa, yana karɓar gaisuwa. Idanunsa sun yi ja. Mutane suka ce shi da Abu tare suka taso, tare suka yi kiwon awaki, kuma Abu da kansa ya ba shi auren Salima bayan iyayensu sun rasu. Mainasara ya ce shi tun ran Laraba yana Goronyo wurin wani mai sayar da irin albasa, can ya kwana, sai a waya ya ji labari.

Saje ta shiga ta nemi izini, sannan Sufeto ya bi ta. Salima tana kwance a kan katifa a inuwar darbejiya. Wata goma sha huɗu ke nan da mota ta kife da su a hanyar Sakkwato, tun daga ranar ƙafafunta ba su sake motsi ba. Ta ce a da ita ce ba ta zaman gida, ita ce roron wake, ita ce kai abinci fadama. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti ta yi kuka, ta ce ba za ta ƙara ganin gona ba. Washegari hoto na farko ya shigo wayarta.

Ta miƙa wa Saje wayar, Saje ta ba Sufeto. Sufeto ya zauna a kan turmi yana dubawa. Ga dammunan gero an jera a bakin gona, ga raƙumi ɗauke da kara, ga fagen albasa an ba shi ruwa yana ƙyalli. Wani hoton balbelu ne a bayan shanu, wani kuma kwalekwale a madatsar Goronyo, ranar da Abu ya je taron malamai. A ƙarƙashin kowane hoto akwai lamba da ɗan rubutu. Na 260 ya ce, "Tsamiyar gonar Baba ta yi huda." Na 301 ya ce, "Ruwa ya sauka, na jiƙe, kar ki yi dariya."

Sufeto ya kai ƙarshe, ya koma baya, ya sake dubawa.

"Malama, na Litinin 411 ne. Na Laraba 413. Ina na Talata?"

"Bai turo ba ran nan."

"In bai turo ba, mi yas sa ya tsallake lamba?"

Salima ta juya fuska wajen bango. Ta ce kanta na ciwo. Sufeto ya mayar mata da wayar, ya yi mata ta'aziyya, suka fito. A zaure ya ga babur an rufe shi da tabarma tun daga kai har ƙasa, ya wuce.

Ran Asabar da safe suka nufi Goronyo. Mai sayar da irin albasar da Mainasara ya ambata ya ce rabonsa da shi mako biyu. Amma ya hango shi ran Talata da rana a layin masu kifi, abin ma ya ba shi mamaki, don bai san shi da su ba.

A layin masu kifi suka sami Inna Turai, tsohuwa mai banda, tana juya tarwaɗa a kan ragar ƙarfe cikin hayaƙi. Ta gane wanda ake nufi nan take. Ta ce ya kawo mata buhu biyu cike, manya da ƙanana a haɗe, har da 'yan mitsi-mitsin da ba masuncin da zai ɗauka.

"Shekarata arba'in cikin kihi, ɗana. Babu sawun ƙugiya, babu na koma, cikinsu ya yi laushi, ga wari. Nac ce mai wanga kihin magani ne, ba ni ba mutane shi su ci. Sai yas sa kuka. Namiji babba, yana kuka gaban mata."

Ta ce ta ga lokacin da ya sake ɗaura buhunan a kan katakon da ke bayan babur ɗinsa.

A hanyar dawowa likita ya bugo, ya ce ruwan kwalbar maganin ƙwari ne na feshin gona, mai ƙarfi. Ya ce 'yar Uwaisu ta farfaɗo, har ta sha kunu. Sufeto ya yi hamdala.

Da la'asar suka isa gidan Salima a Wurno. Masu gaisuwa sun ragu. Sufeto ya yaye tabarmar da ke zaure. Ga katakon nan ɗaure da roba, wanda Mainasara yake ɗora keken guragun Salima a kai duk ranar da za a kai ta asibiti. Sufeto ya umarci Mainasara ya biyo shi ciki.

Salima ta dube su su uku, ta gane. Kafin a tambaye ta ta ciro wayar daga ƙarƙashin matashi. Ta ce ta goge hoton ran Talata daga cikin hirarsu da Abu, amma hannunta ya kasa goge shi daga wayar gaba ɗaya, don ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba.

Hoton tafki ne rana na fitowa, furannin bado sun buɗe. Can gefe, ƙarami kamar ƙwayar gero, wani mutum ya sunkuya da jarka a bakin ruwa. Saje ta ja hoton da yatsu ya ƙara girma. Babur ya fito, da katakonsa.

Salima ta ce Abu bado yake kallo, bai lura ba. Ita kuwa da ba ta da aikin yi sai kallon hoto tun safe har yamma, ta gani tun ran Talata. Ta yi shiru, tana jira mijinta ya gaya mata da bakinsa.

"Da na yi magana ran nan, da Yaya na nan da rai," ta ce.

Mainasara ya zame ya zauna a ƙasa. Bai musa komai ba. Ya ce ambaliya ta cinye masa irin albasa, likita kuma ya ce in aka tsayar da gashin ƙashin Salima, abin da aka samu zai koma. Wani ya gaya masa in aka zuba magani a tafki, kifi zai taso da kansa. Bai yi tunanin shanu ba, bai yi tunanin mutum zai sha ba. Ran Laraba da yamma Abu ya kira shi, ya ce su haɗu a tafkin bayan asuba. Da suka haɗu Abu ya nuna masa hoton. Ya ce yarinya na kwance, shanu sun mutu, dole a faɗi gaskiya. Mainasara ya kai hannu zai ƙwace wayar, suka yi kokawa, Abu ya ƙwace ya juya zai hau keke. Akwai dutsen marmara a wurin. Sau ɗaya ya buga. Wayar kuma ya jefa ta tsakiyar ruwa.

Saje ta rubuta duka. Sufeto ya ciro ankwa, ya tsaya da ita a hannu, don Salima ta ɗaga yatsa.

"Mainasara, dube ni. Da kab buge shi, ya yi magana?"

Ya ɗaga kai da ƙyar.

"Ya yi."

"Mi yac ce?"

"Ya ce in tahi in kai kaina, kar in ji tsoro. Ya ce shi za shi riƙe ki har in hito."

Salima ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Mainasara ya roƙi a bar shi ya shigar da ita ɗaki, don magariba ta gabato kuma sauro na damunta. Ya matso, ya miƙa hannu. Daga cikin mayafin ta ce kada ya taɓa ta.

Sufeto ya sa masa ankwa. Ya ce wa Saje ta tsaya, ta kira matan maƙwabta su kama mata. Ya fita da Mainasara ta zaure, mutanen da ke kan tabarma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Har motar ta tashi Mainasara yana leƙo kai ta taga, yana gaya wa wani dattijo maƙwabcinsu cewa farin maganin bayan cin abinci ake ba ta, kuma a riƙa juya ta kafin a kwanta.