Lambar da Ta Ɓace a Wuyan Babur Ɗina

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Yuni, da ƙarfe goma da kwata na safe aka kira ni ɓarawo. A tsakiyar kasuwarmu ne, gindin mangwaron da 'yan bodaboda, wato 'yan acaɓa, ke jiran fasinja. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a wannan gari, ko alli ban taɓa ɗauka na kai gida ba.

Yara, ku saurara da kyau. Akwai darasi a ciki.

Tsohon babur ne na saya wurin Mama Urassa bayan rasuwar mijinta. Shekara shida yana kwance a ɗakin kaji. Har ƙwai muka tarar a ƙarƙashin kujerarsa. Amma takardunsa cif suke. Na duba lambar da aka buga a ƙarfen wuyansa, ta yi daidai da ta takarda.

Ni da jikata muka gyara shi. 'Yar aji biyar ce, ina kiranta Injiniya. Wata huɗu muna aiki. Mun wanke kabureta, mun canja fulogi, mun shafa giris. Ita ke goge tsatsa da samfefa. Doka ɗaya na kafa mata: kada ta taɓa abin da ba ta sani ba sai ta tambaya.

Wata rana na tafi garin Moshi sayen sarƙar babur. Ta so in dawo in ga abin mamaki. Sai ta ga wasu ƙananan ramuka a wuyan babur, tsatsa ta rufe su. Ta ɗauka tabo ne. Ta cike su da kwaɓin da masu fenti ke toshe rami da shi, ta goge sumul, ta shafa jan fenti. Na dawo na yaba mata. Idona ya yi rauni, ban lura da komai ba.

Ranar Asabar ɗin muka fito da shi karon farko. Shirima, shugaban 'yan bodaboda, ya taso yana dariya. Ɗalibina ne a da. A kujerar baya yake zama a aji, yana cin gyaɗa.

"Malam, wannan akwalar tare kuka yi ritaya?"

Na ce masa ta fi shi zuwa aiki a kan lokaci. Aka yi dariya. Shi bai ji daɗi ba. Ya zagaya babur, ya shafa wuyansa, sai ya miƙe.

"Ina lambarsa? Jama'a, an goge lamba. Ɓarayi ne kaɗai ke yin haka."

Bai ja ni gefe ba. Bai tambaye ni ba. Ya faɗa ne yadda masu ayaba da masu tumatir duk za su ji.

Shugabar ƙauyenmu, Mama Lyimo, ta zo. Ta ce za a kulle babur a ofishinta. In ba a ga lamba ba zuwa Laraba, za a miƙa mu ga 'yan sanda, ni da shi.

A hanyar gida na tambayi jikata ko ta san abin da ya faru da lambar. Ta kalli ƙasa ta ce ba ta sani ba. Wannan shi ne kuskurenta na biyu, kuma ya fi na farko girma.

Ranar Lahadi mutanen da ke gaishe ni tun daga nesa suka riƙa kau da kai. Ranar Litinin yara a makaranta suka kira ta jikar ɓarawo. Ta dawo ta tarar da farfesun ayabata ya huce ban taɓa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kaka, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na rufe lambar. Na ɗauka tabo ne. Da ka tambaye ni, tsoro na ji."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na gaya mata cewa rufe lambar rashin sani ne, da ta tambaya da bai faru ba. Amma ƙaryar da ta yi ta sa kakanta ya kwana biyu da sunan ɓarawo. Ta yi kuka. Na bar ta ta gama.

"To Injiniya, wanda ya rufe shi zai buɗe."

Ranar Laraba da safe aka turo babur gindin mangwaro. Kasuwa ta cika. Jikata ta tsaya a gaban mutane. Ta faɗi abin da ta yi, ta roƙi gafarata da ta Mama Lyimo. Ba wanda ya matsa mata. Sannan ta durƙusa ta fara kankare fentin da bakin cokali.

Harafi ya fito. Sai lamba ɗaya. Sai wata.

Na saka tabarau, na buɗe takarda, na fara karantawa da muryar aji. Jikata tana nunawa da yatsa. Kusan rabin kasuwar nan ni na koya musu ƙirga. Ina cewa bakwai, sai na ji sun amsa, "Bakwai!" Haka muka tafi har ƙarshe, babu wadda ta saɓa.

Mama Lyimo ta miƙo min makulli. Na ba jikata ta murɗa. Na taka sau ɗaya, injin ya tashi. Masu ayaba suka yi guɗa. Jikata ta hau bayana muka zagaya kasuwa sau biyu, sannan na kai ta har ƙofar makaranta, gaban yaran nan.

Darasin shi ne: in ba ka sani ba, ka tambaya. In ka yi kuskure, ka faɗa tun da wuri. Jikata ta koya. Yanzu ko noti za ta kwance sai ta kira ni.

Saura mutum ɗaya. Lokacin da muke karanta lamba, Shirima ya ce wai yana da fasinja, ya sulale. Jiya ya aiko min da lita biyu na fetur. Na mayar masa.

Shirima, yarinya 'yar shekara sha ɗaya ta tsaya a gaban kasuwa ta ce ta yi kuskure. Kai kana da gemu. Ina jiranka ranar Asabar, ƙarfe goma da kwata, a gindin mangwaron nan. Da muryar da ka kira ni ɓarawo za ka ba ni haƙuri. Kada ka makara.