Hudar Kunne

Radmila ta shiga ɗakin ɓeraye tana jan ƙafa don gajiya. A ƙarƙashin ginin bincikensu na birnin Novi Sad ko da rana tsaka dare ne, jar fitila kaɗai ake kunnawa, don ɓera ba ya ganin jan haske. Aikinta ɗibar jinin ɓerayen da aka ɗura wa maiƙo har ciwon sukari ya kama su, kuma da hanzari, kafin tsoro ya tayar musu da sinadarin fargaba ya ɓata awon.

Yau akwatunan ɓerayen tsit, babu ko motsi. Wata mata mai ƙiba tana tsugune bakin famfo cikin rigar aiki, tana kwankwaɗar ruwa.

"Baiwar Allah, sabuwar mai shara ce? Ba a shan ruwa a nan."

"Ƙishi ne, 'yar nan, ba ya ƙarewa." Muryar siririya ce, ba ta dace da jikin ba. "Ke ma kin gaji. Tun daga ƙofa na jiyo warinki."

"Don Allah fita, kar ki ɓata mini aiki. Tun bara nake wannan wahalar."

"Ni ma."

Matar ta miƙe tana lalube kamar babu fitila a ɗakin, sannan ta zame hularta. Huda biyu a kunnen hagu, ɗaya a na dama: shaidar da Radmila ta yi da hannunta ga ɓeran da ta kashe jiya.

"Miƙo hannunki," in ji matar. "Kar ki ji tsoro, zai ɓata awon."