Ranar da Aka Tare Layin Rumbu

Tun da hantsi Rumbu yake huci a ƙarƙashin ginin Jami'ar Kimiyya ta Sabuwar Kaura, fitilunsa duk sun koma ja. Rumbu babban injin lissafi ne wanda kowane sashe na jami'ar ke ɗiba daga gare shi, shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa wannan suna. Ƙa'idarsa ba wuya: ka tura aikinka, ka bi layi, ka ɗauki rabonka, in ka gama ka sakar wa na bayanka.

Dakta Nafi'u Gwaram, masanin yanayi, ya san ƙa'idar sarai, don da shi aka tsara ta. Sai dai ya daɗe yana gina wata manhaja da ya kira Hangau, wadda za ta faɗi yadda damina za ta kasance har zuwa zamanin jikoki. Rabonsa ba zai ishe ta ba, ga babban taron masana ya matso. Sai ya yayyanka aikin, ya tura kowane yanki da sunan ɗaya daga cikin ɗalibansa. Rumbu bai san wayo ba, sunaye kawai yake gani. Ya ba su wuri duka.

Bayan azahar Dakta Ladidi ta sashen ƙwari ta shigo ofishinsa ko zama ba ta yi ba.

"Dakta, ɗalibanka sun cika layi. Aikina ƙarami ne, amma da shi jirage marasa matuƙi ke sanin inda fari za su sauka, domin su je su yi musu feshi. An hango gungu daga arewa."

"Ki ɗan yi haƙuri, Dakta. Ya kusa gamawa. In na tsayar yanzu, sai na faro daga tushe."

"Farin ma za su yi haƙuri?"

Ya ce zai duba. Da ta fita ya daɗe yana kallon maɓallin tsayarwa, sannan ya janye hannunsa ya tafi cin abinci.

Jiragen suka wuni a rumfarsu suna jiran umarnin da bai zo ba. Farin suka sauka a gonakin gero na yammacin gari, har da gonar ƙanin mahaifin Nafi'u, Baba Ɗanjuma. Kafin lissafin Ladidi ya samu shiga, kara kawai ya rage a tsaye.

Washegari da safe Hangau ta kammala. Nafi'u yana zaune gaban allo wayarsa ta yi ƙara.

"Nafi'u," in ji Baba Ɗanjuma, muryarsa a dishe, "ku da ke da injin sani, ba wanda ya gaya muku suna tafe?"

Nafi'u ya riƙe wayar a kunne. Idonsa na kan layin farko na sakamakon, wanda aka lissafa da bayanan da ya zuba tun kafin farin su iso: bana a yammacin Kaura za a yi girbin da ba a taɓa gani ba.