Ƙoƙi-ƙoƙi a Firigon Illo

Ana gab da kiran sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Illo mai foto, can ƙarshen unguwar Bobiel inda gine-gine suke ƙarewa a shiga tsofaffin gonaki. Ramatou, matarsa, tana tsugune tana wanke shinkafa. Ta ɗaga kai, ta ja tsaki, ta ce 'ya'yan maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Illo ya fita ya zagaya gidan, bai ga kowa ba, ko akuya. Da ya dawo ya tsinci ɗaya daga cikin duwatsun da suka gangaro tsakar gida, sai ya yar da shi da sauri. Tsakiyar bazara ake, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa har bayan faɗuwar rana, amma dutsen nan sanyi ƙalau kamar daga cikin ƙanƙara aka ciro shi.

Ramatou ta tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau. Ƙarya yake yi, domin tun a lokacin gabansa ya faɗi, kuma ya san dalili.

Illo ya shekara ashirin da biyar yana ɗaukar hoto. Da can yana da shago kusa da kasuwar Katako, bikin aure da na suna ba sa cika sai da shi. Da wayar hannu ta zo, kowa ya zama mai foto, aka bar shi da kujera da labulen bango. Wani zai haƙura ya kama wata sana'a. Shi sai ya juya wa mutane baya, ya ce ai ƙwari sun fi su, ba sa cewa an mayar da su baƙaƙe a hoto. Shekara uku yana fita bayan unguwa da yamma liƙis, lokacin da iska ta yi sanyi ƙwari suka lafa, yana ɗaukar fara da zanzaro da gizo-gizo a gindin wani tsohon gawo. Yana da dogon gilashi a bakin na'urarsa, irin wanda mutum zai tsaya kamu biyu daga ƙwaro ya ɗauke shi, shi ƙwaron bai ma san ana yi ba. Hotunan suna da kyau, har masu aikin gona suna saye su sa a takardunsu. Amma Illo mutum ne da abin hannunsa ba ya isar sa.

So yake ya ga cikin idon ƙwaro, ɗaki-ɗaki. Sai ya tafi wurin Yacouba, mai sayar da kayan hoto, wanda suka san juna tun suna samari. Yacouba ya fito masa da wani gajeren gilashi mai nauyi, da zobba uku da ake ɗaurawa tsakaninsa da na'ura don ƙara girma, da ƙarfe mai sukurori da ke matsar da na'urar gaba da kaurin gashi, da fitila biyu masu walƙiya.

“Wannan objektif ɗin yana ninka abu sau biyar,” in ji Yacouba. “Amma sai ka matsa har tazarar yatsa guda. Kuma hoto ɗaya ba ya isa, sai ka ɗauki kamar sittin ka haɗa su a ordinatar, wato kwamfuta. In abin ya motsa ko kaɗan, aikin ya ɓaci. Illo, wane ƙwaro za ya tsaya maka haka? Ka riƙe dogonka, shi ya dace da daji.”

“Kai dai ba ni,” in ji Illo. Ya ajiye dogon gilashin a kan tebur, aka yi musaya.

Abin da Yacouba ya faɗa shi ya faru. Duk ƙwaron da Illo ya matsa wa sai ya tashi. Sati biyu yana dawowa gida da haushi, yana huce shi a kan miyar Ramatou. Daga baya ya ji dabarar da wasu suke yi: a kama ƙwaro a sa shi a firigo na ɗan lokaci, sanyi ya kashe masa jiki, a ɗauki hoto, ya farfaɗo a sake shi. Wata ranar Laraba, rana ta riga ta faɗi, ana jin kiran salla daga masallatan unguwa, ya ga wani ɗan ƙoƙi-ƙoƙi kore shar a jikin gawon, idanunsa kamar an ɗiga zuma. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a ɗaukar abu a gindin gawo da almuru, in ma ya zama dole a yi bisimilla. Illo bai yi ba. Hankalinsa yana kan kwalbar mayonez da ke aljihunsa. Ya kifa ta a kan ɗan abin, ya rufe.

Kwana uku yana sa shi a firigo yana fiddawa. Da ya ɗauki hoto ashirin, zafin fitila ya ratsa ɗan abin, sai ya juya kai, aiki ya lalace. A rana ta uku haushi ya kama Illo, ya tura kwalbar can sama inda ake yin ƙanƙara, ya ce minti biyar kawai. Ya zauna duba hotunan jiya, ya manta. Da ya tuna, ƙoƙi-ƙoƙin ya sandare. Ya ɗan ji ba daɗi, amma na ɗan lokaci, saboda matacce ba ya motsi. Ya ɗauki sittin ɗinsa cif, ya haɗa, hoton da ya fito bai taɓa yin kamarsa ba. Ya aika da shi ga wasu masu shirya nunin hotuna a cikin gari, suka ce shi za su sa a bakin ƙofa. Gawar kuwa ya ajiye ta a kwalin ashana. Kashegari da magariba aka fara jifan.

Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara, bakwai ko takwas, sannan shiru. A kwana na huɗu aka ƙara da wata murya siririya daga wajen firigo, kamar yaro yana kuka a cikin tulu. Ramatou ta cire wayar firigon daga bango, ta kwashe komai, ta wanke shi da ruwan gishiri. Da safe ta buɗe ta tarar da ƙanƙara ta kama ko'ina.

Sai abin ya koma kan Nafissa, 'yarsu guda ɗaya tilo, mai shekara goma sha biyar. Yarinya ce mai surutu, ita kaɗai ce a gidan take zama ta kalli hotunan ubanta har ta tambayi sunan kowane ƙwaro. Ran nan ta dawo daga lakkol, wato makaranta, ta ce sanyi take ji. Mutane suna kwana a tsakar gida saboda zafi, ita an lulluɓe ta da bargo biyu haƙoranta suna haɗuwa. An kai ta asibiti, aka auna jini, ba zazzaɓi, ba komai. Ta daina cin abinci. Da almuru sai ta tashi zaune, ta naɗe hannayenta biyu a gaban ƙirji, ta riƙa juya kai a hankali tana bin mutum da ido, ba ta ƙiftawa. In aka kunna fitila sai ta ƙwala ihu ta rufe fuska.

Illo ya ga hannayen nan, ya gane su. Kwana shida yana ganin su bai ce uffan ba, domin saura sati biyu a buɗe nunin. Ya riƙa gaya wa kansa cewa ƙila ciwon shawara ne, ƙila ta warke da kanta. Wannan shirun nasa ya fi abin da ya yi da kwalba muni, kuma shi ma ya sani.

Ramatou ce ta gaji, ta haye gada ta tafi Harobanda ta ɗauko Malam Isaka, wani tsoho ɗan siriri da aka sani da irin wannan aiki. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi shan ruwa, ya zauna a tabarma kusa da yarinyar yana jan carbi har rana ta yi ja. Da dutsen farko ya faɗo, ya ɗora hannu a kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Tsakar gidan ta yi tsit, ko kajin maƙwabta ba a ji. Can Nafissa ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

“Ya isa, malam. Kana ƙona ni.”

“Wace ce ke, baiwar Allah? Mi yarinyar ga ta yi miki?”

“Ba ta yi mini komi ba. Tambayi ubanta abin da ke cikin kwalin ashana.”

Ramatou ta juya ta dubi mijinta. Illo ya sunkuyar da kai.

“Jikana ne,” in ji muryar. “Ya hita shan iska cikin rigar ƙoƙi-ƙoƙi, kamar yadda yaranmu suke yi. Shekara ukku mutumen ga yana zuwa ƙofar gidanmu da dogon gilashinsa, muna ganin shi, ba mu hana shi ba. Ya ɗauki da yawa daga cikinmu bai sani ba. Mai kallo daga nesa ba mu da magana da shi. Sai ya zo da hannu. Kwana ukku yaron yana cikin sanyi yana kirana, ni ina bakin kwalba ban iya buɗewa. In an fiddo shi, sai wuta ta tsaga mishi ido, sai ƙaton idon mutumen ga ya cika mishi duniya. Ɗiyarshi nika so. Ɗaya da ɗaya.”

“Ba ki samun ta,” in ji Malam Isaka. “Rai na Allah ne, kuma ke da bakinki kin ce ba ta da laihi. In kin taɓa ta, karatun ga ba ya tsayawa sai kin zama toka.”

Yarinyar ta yi wani dogon nishi. “To ya ba ni idon da ya kalle shi da shi. Na dama.”

Malam ya waiwaya ya dubi Illo. Ramatou ma shi take duba. Illo ya buɗe baki, ya rufe. Hannunsa ya tafi kan idon da kansa. Shirun ya yi tsawo har aka ji ladan ya fara kira ya kai rabi.

“Ɗauki nawa!” in ji Ramatou tana kuka. “Ɗauki duka biyun, ki bar mini ɗiyata!”

Muryar ta yi dariya marar daɗi. “Naki bai ga komi ba. Na dai ji amsarshi, ɗiyarshi ma ta ji.”

“Ba a ba ki ido, ba a ba ki jini,” in ji Malam Isaka. “Faɗi abin da za a iya, ki hita.”

Aka daɗe ana ja. A ƙarshe ta ce a mayar mata da gawar gindin gawon, a naɗe cikin farin ƙyalle. A goge hotunan duka sittin. A fasa gajeren gilashin, kuma kada Illo ya ƙara taka wurin.

“Har da wanda na aika?” in ji Illo. Maganarsa ta farko ke nan tun da aka zauna, kuma da ita ya zaɓa ya buɗe baki. Ramatou ta dube shi kamar ba ta taɓa ganin sa ba.

“Har da shi,” in ji Malam, bai ko kalle shi ba.

A nan gaban kowa Illo ya kira masu nunin ya ce ya janye. Ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko taɓaryar Ramatou ya farfasa gilashin a kan dutsen niƙa. Malam Isaka ya karɓi kwalin ashanar da kansa, ya sa muryar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba.

“Na tahi,” in ji ta. “Amma na nuna mata abin da yaron ya gani, dukkan kwana ukkun. Wannan ban iya ɗauke shi.”

Nafissa ta yi atishawa sau uku, hannayenta suka saki, gumi ya keto mata. Ta ce, “Inna, ruwa.” Daga ranar ba a sake jifan gidan ba.

Ta warke, ta ci abinci, ta koma lakkol. Da uwarta tana hira har da dariya. Amma in Illo ya shigo sai ta miƙe, ta gaishe shi tana kallon ƙasa, ta shige ɗaki. In ya matso kusa, tsigar jikinta ta tashi, ta rungume kanta. Bai taɓa jin ta zarge shi da baki ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya yi ta jira lokaci ya gyara, wata ya bi wata.

Da shekara ta zagayo aka ce 'yan ajinsu su kawo hoton katin jarrabawa. Illo ya ji daɗi. Tun da safe ya share bango, ya rataya farin labule, ya goge tsohuwar na'urarsa ta ɗaukar mutane, ya ajiye kujera. Nafissa ta fito da hijabinta, ta ga na'urar, ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

“Zo zauna, minti guda ne,” in ji shi.

“Baba, don Allah,” in ji ta. “Ba ni iya zama kana kallona ta cikin gilashi. Ka ba ni izini in tahi Katako a yi mini.”

Shi ya kai ta a kan babur. Ta shiga shagon wani da bai kai shekara biyu da fara sana'ar ba, Illo ya tsaya a waje cikin rana. Ta labule ya ga walƙiyar fitila, ya ji mai shagon yana cewa ta ɗan yi murmushi, ya kuma ji ta yi dariya.